Hancin Halfan

Gwangwanin alewa ne ɗan ƙarami, fentinsa duk ya goge, amma matar da ta kawo shi, da hannu biyu ta ɗora shi a kan buhun kirfa, kamar mai kwantar da jariri.

Safiyar Talata ce. Jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido ya tsaya a tashar garinmu Matrah, layinmu na masu kayan ƙamshi ya cika da manyan malafuna. Mun saba da su: su sunsuna, su yi atishawa, su ɗauki hoton za'afaran, su yi gaba. Ita wannan daban take. Sau uku tana wucewa ta gaban rumfata tana tambayar Halfan bin Suwaid da Larabcinta na koyo, duk wanda ya nuna mata dama sai ta yi hagu. A karo na huɗu Allah ya ji tausayinta ta yi kiciɓis da shi.

"Baffa, sunana Surayya," ta ce. "Mahaifiyata 'yar garin nan ce. A Kanada ta haife ni, a can ta rasu bara." Ta buɗe gwangwanin a hankali. "Abin da ya rage na bizar ɗinta ke nan. An ce in ka sunsuna za ka faɗi duk abin da ke ciki."

Bizar a wurinmu ba a rubuta shi. Kowane gida da irin nasa haɗin garin girki, uwa ce ke koya wa 'ya a bakin turmi. Surayya ta ce ta ɗauka akwai sauran lokaci.

Wanda ya turo ta bai yi ƙarya ba. Shekara arba'in Halfan yana cin abinci da hancinsa, har daga ƙauyukan kan dutse ake kawo masa gari ya warware. Sai dai shekara biyu da suka wuce wani zazzaɓi ya kwantar da shi, da ya tashi bai tashi da hancin ba. Bai faɗa wa kowa ba, ko matarsa Zuwaina. Ya ci gaba da ciniki da ido da yatsu, domin kanumfari ko makaho ya san shi a hannu. Amma dakakken gari duk launinsa ɗaya, kuma na cikin gwangwanin bai kai rabin cokali ba.

Ya ɗaga shi, ya lumshe ido, ya ja numfashi irin na manya. Bai ji komai ba.

"Zauna, 'yata, a sha gahawa tukuna," ya ce, ya tura mata farantin dabino. "Wane gida ne naku?"

"Sunanta Shamsa. Ta ce gidansu na kusa da wani masallaci, ana hango teku."

"Kowane gida a garin nan haka yake."

Ta yi dariyar da ba ta san dalilinta ba, ta waiwaya. Can bakin layi jagoran tawagarsu na kaɗa tuta yana nuna agogo. Halfan ya shiga lissafi. Ya ɗanɗana? Harshe babu hanci yaji da ɗaci kawai ya sani, kuma garin zai ƙare a banza. Ya haɗa mata kowane iri ya sallame ta? Ai ita hancinta lafiya lau. Ya faɗi gaskiya, a tsakiyar layi, kunnuwa ko'ina? Wallahi ya ba ni tausayi. Ya sake kai gwangwanin hanci, ya juya shi, har ya leƙa gindinsa.

"Baffa, lafiya? Ko ya lalace ne?"

Sai ga Darwish ya tsallako. Rumfarsa ce ke kallon ta Halfan, kuma shekara talatin ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, ko da ganin wata ne.

"Me kake ɓoyo, tsoho?" Ya fizge gwangwanin, ya sunsuna, ya yamutsa fuska. "Kai! Wa ya yi wannan aika-aika? An gasa irin nan na kamun har ya kusa ƙonewa. An zabga kirfa kamar kyauta ake rabawa. Citta kuwa ɗan mitsitsi, mai rowa ce."

Surayya ta miƙe. Rabin maganar ta kama. "Mahaifiyata yake zagi?"

"Rabu da shi, 'yata," in ji Halfan. "Haka aka haife shi."

"Busasshen lemon tsami, an daka har da 'ya'yan, ji ɗacin nan," Darwish ya ci gaba. "Ga furen wardi a garin miya, sai ka ce turaren amarya. Barkono baƙi da kanumfarin nan huɗu ko biyar kuwa ba sai na faɗa maka ba, ko jaki ya ji su." Ya dangwarar da gwangwanin. "In kana da mutunci kar ka haɗa wannan a layinmu."

Ya koma rumfarsa yana tsaki. Surayya ta dubi wannan, ta dubi wancan, ta rasa faɗa ake yi ko ciniki. Shi ma Halfan ya yi tsaye sororo. Hannuwansa ne suka fara motsi kafin shi. Ya ɗora kasko, ya gasa kamun har ya yi duhu, ya fasa lemon tsami bai cire 'ya'yan ba, ya daka, ya tankaɗe, ya miƙa mata a tafin hannu.

Ta sunkuya. Ta daɗe a haka. Da ta ɗago, hawaye ya jiƙa mata fuska.

"Ɗakin girkinmu," ta ce. "Ranar Juma'a."

Halfan ya gyaɗa kai kamar ya san abin da take nufi. Ya cika mata kwalba, ta rungume ta tana godiya cikin harsuna biyu, ta ruga ta hanyar da ba ita ba, sai da na juyo da ita wajen mai tuta.

Layi ya lafa. Halfan ya zauna yana kallon tafin hannunsa. Sa'a ce? Darwish ai kullum cikin kushe yake, ba sabon abu ba ne. To amma yaushe rabon da ya tako rumfar nan? Kuma wane irin zagi ne ke zuwa da awo? Ya tashi, ya koma ya zauna, ya sake tashi ya tsallaka.

"Darwish, me ya kawo ka rumfata?"

"Tsegumi."

"Tun yaushe ka sani?"

Darwish bai ɗago daga hulbar da yake zubawa a leda ba. "Tun ranar da garwashi ya faɗa buhun lubban a bayanka. Ƙamshi har bakin teku, kai kana zaune kana musu da ni a kan kifi."

"Wa ka faɗa wa?"

"Ni? Wa ya bar ni na faɗa? Zuwaina ce ta bi mu rumfa-rumfa tun washegari. Ta ce duk wanda ya nuna maka ya sani, shi da ita ne."

Halfan ya juyo a hankali ya dubi layin daga wannan baki zuwa wancan. Nan take aiki ya taso wa kowa. Mai za'afaran ya hau goge sikeli, mai turare ya shige ƙarƙashin teburinsa neman wani abu. Da idonsa ya iso kaina, sai na sunkuya ina ɗaure bakin buhun da yake a ɗaure.