Ƙusa Ɗaya a Bangon Inna

Ƙusa ɗaya ce a bangon ɗakin Inna, kuma shekara ashirin zanen babban ɗanta ne rataye a jikinta: fuskar marigayi mijinta, ko gashin gira bai tsallake ba. Sana'ar Yaya ke nan, zanen allunan shaguna. In ya zana kaza sai ka ji kamar ka watsa mata tsaba.

Auta kuwa tun yana saurayi ba ya zana abu mai kai da ƙafa, sai launi bisa launi. Dariyar Yaya ce ta sa ya ajiye buroshi ya kama tuƙin babbar mota, shekara goma sha biyar. Da ciwon baya ya sauke shi, sai ya koma zaman bakin rafi, yana kallon laka da gansakuka da ɓawon itace. Ba a jima ba ya sayo fenti.

Ran nan da hantsi ya shigo da zane, ya ce na Inna ne.

"Tsumman goge buroshi ka kawo mata?" in ji Yaya.

"Sauke na babanku ka rataya wannan in gani," in ji Inna, ta fita duba tukunya.

Yaya ya sauke nasa. Mutum da furfurarsa, amma ya ɗauki zanen Auta ya rataya shi kai ƙasa da gangan. Abin da ba shi da gaba balle baya, wa zai gane? In ta yaba a haka, ya sami abin gori har tsufa, kuma ƙusa ta dawo hannunsa. Auta ya gani.

Inna ta dawo ta matsa dab da bango, don idon ya yi rauni. Ta daɗe tsaye. Yaya bai tuna ranar da ta yi wa aikinsa irin wannan kallo ba.

"Kai Babba, da girmanka? Yaushe laka ta hau kan ruwa? Rafin bayan tsohon gidanmu ne, washegarin ruwa mai ƙarfi, inda nake muku wanki. Juya shi."

Ya juya shi.

"To na Baba fa?"

"Kai shi ɗakinka. Fuskar babanku ban manta ta ba. Wannan ne na manta."

Ya ɗauki nasa ya sa a hammata. A bakin ƙofa ya tsaya, bai dubi ƙanensa ba.

"Koren nan ya yi yawa," ya ce.