Tokar Kaka a Ɗakin Gwaji

A gidansu Me-ya-sa ake kiranta, don tun tana ƙarama ba ta ganin abu ta wuce. Da jami'arsu ta sa ta cikin ɗaliban musaya, za ta yi zango ɗaya tana karatun aikin gona a wata ƙasa, sai mahaifiyarta ta ja mata kunne a filin jirgi: "Baƙo makaho ne ko da idonsa. Ki buɗe ido, ki rage baki."

Ta kuwa buɗe idon. Da kati ake buɗe ƙofar ɗakinta, fitilun baranda kuma da kansu suke kamawa in mutum ya tako. Kwana biyu tana kai da kawowa tana neman makunnin, har mai shara ta tausaya mata, ta nuna mata wani ɗan ido a jikin silin da ke gane motsin mutum.

Amma aji ne ya fi ɗaure mata kai. Malamin adana iri, wani dattijo mai sanƙo, in ya faɗi magana sai ɗalibi ya ce bai yarda ba. Maimakon ya ɓata rai, sai ya zaro ɗan littafi daga aljihu ya yi rubutu.

"Sunayensu yake ɗauka?" ta tambayi wadda ke kusa da ita, wata doguwa mai taunar biro. "Kayar da su zai yi?"

Doguwa ta yi dariya har ta ƙware. "Maganarsu yake rubutawa. Wanda bai taɓa musu da shi ba, shi yake mantawa."

A mako na uku malam ya ce irin wake, in ba a sa shi a sanyi ko an zuba masa magani ba, ƙwari za su cinye shi kafin shuka ta zagayo. Hannun Me-ya-sa ya tashi ba tare da ya yi shawara da ita ba.

"Malam, kakata ba ta da firji, kuma irinta ba ya lalacewa. Toka take sawa."

Littafin ya fito. "Tokar me? Nawa take zubawa?"

Shekara da shekaru Me-ya-sa tana ganin tulun irin a bayan ƙofar kaka, ita mai tambayar komai, ba ta taɓa tambaya ba.

"Tambayo mana ita," in ji malam.

Da ta kira gida aka kai wa kaka waya, tsohuwa ta ce, "Au, jirgi kika hau don ki tambaye ni toka? Tokar itace ce, ta huce, ki tankaɗe. Kwanon wake, kwanon toka. Ki girgiza ta shiga ko'ina, ki rufe ruf."

Malam ya ba ta kwalba biyu, da wake, da ƙwarin da suke kiwo a ɗakin gwaji. Sai tokar ta zama aiki, don a garin kowa da lantarki yake girki. Ita da Doguwa suka bi unguwa-unguwa, suka ɓata sau biyu, har Me-ya-sa ta haddace lambobin bas. A ƙarshe hayaƙi ya kai su wani lungu, gun mai burodi da ke gashi da itace.

Ya goge hannu ya dube su. "Shekara ashirin ina nan, yau na ga masu neman toka." Ya cika musu leda, ya ɗora musu burodi mai zafi.

Bayan mako shida aka buɗe kwalaben a gaban aji. Waken da ba toka ya koma kamar rariya. Na cikin toka, ƙwaya bakwai kawai aka huda cikin ɗari biyu. Malam ya ƙirga sau biyu, sannan ya ce ta rubuta bayanin gwajin, ta kuma faɗi wanda ya koya mata.

Da yamma ta kira kaka tana zumuɗi, ta faɗa mata sakamakon.

"Har bakwai?" in ji kaka. "To tankaɗenki ne bai yi ba." Sannan ta ce, "Ni kam, wannan malamin naku, ba shi da kaka ne?"