Inuwar Kubura a Ajin Lissafi

Daren jiya wani mafarki ya ɗauke ni, kuma duk faɗin duniya bai kai ni ko'ina ba sai wurin aiki. Ni ne mai sa wa ɗaliban ajin ƙarshe na sashen injiniya hannu a fom ɗin rajistar kwasa-kwasai. Shekara goma sha ɗaya ke nan, abu ɗaya nake dubawa: kada jimlar yunit, wato nauyin kwasa-kwasan, ta haura ashirin da huɗu. Sauran na bar wa ɗalibi da Ubangijinsa.

A mafarkin hantsi ne. Ginin tsangayarmu yana nan, sai dai bene na uku yana rataye a sama shi kaɗai, babu na biyu a ƙarƙashinsa. Wani zalɓe mai tabarau, wanda na gane shi ne jami'in jarrabawa, ya ce mutanen ciki sun yi rajistar kwas na gaba ne kafin su ci na baya. Ya ce benen ba ya faɗowa, sai dai ba a saukowa.

Sai ga Kubura Sale. Ɗalibata ce, ta faɗi lissafin injiniya sau biyu, kuma wannan ne zango na ƙarshe da dokar jami'a ta yarje mata. In ta sake barin kwas ɗaya, shekara bakwai sun tafi babu takardar digiri. Ta rusuna ta gaishe ni. Na amsa, na dubi ƙasa, na ga ba ta da inuwa.

Da na tambaya, ta ce kwas ɗin gudun ruwa da na lissafi duk Talata ne ƙarfe takwas, shi ne ita ta ɗauki ruwa, ta tura inuwar lissafi. Ta ce kowa haka yake yi.

Sai na gan mu a ƙofar babban ɗakin lakca. Kujeru babu kowa. Amma bango huɗu cike da inuwoyi, ɗaruruwa, sahu bisa sahu har rufi, kowace ta sunkuya tana rubutu. Ba tari, ba waya. Alli yana yawo a allo shi kaɗai. Duk lissafin da aka warware sai ya ɓalle daga allon ya tashi kamar tsuntsu, ya fice ta taga, ya bar haske a inda ya zauna. Inuwar Kubura ta miƙe, ta sulale ta bango zuwa gaba, ta tsaya gaban tambayar da ta kayar da ni shekara talatin da suka wuce. Layi uku ta yi. Amsar ta buɗe fiffike ta wuce ta saman kaina, na ji iskarta a fuska. Ban san lokacin da na cire hula ba.

Zalɓen ya matso kusa da kunnena. Ya ce ƙarfe goma sha biyu kowace inuwa takan koma ƙarƙashin ƙafar mai ita. Wadda ta makara, ta zama ɗaliba mai zaman kanta. Ita da mai ita, kowace za ta ci kwas ɗaya, kuma jami'a ba ta buga rabin takarda.

Kubura ta kira inuwarta. Inuwar ta ɗaga mata hannu, ta ci gaba da rubutu.

"Wane ne ya raba su?" na tambaya, da muryar da nake ajiyewa don taron sashe.

Zalɓen ya nuna idon sawun Kubura da bakinsa. Sa hannuna ne a wurin, da shuɗin biro, har da doguwar jelar nan da nake alfahari da ita, ta ratsa ƙafafun biyu kamar yankan reza.

"Malam, ai ka ce yunit ɗin sun yi daidai," in ji Kubura.

"Sun yi daidai."

"To, na gode, Malam."

Rana tana hawa. Inuwoyi suka fara kwararowa ta ƙarƙashin ƙofa kamar ruwa, kowace tana neman ƙafarta. Ta Kubura ba ta motsa ba. Na laluba aljihu neman biro, na tarar ya riga ni fita, yana can yana sa hannu a iska. Sai ginin gaba ɗaya ya soma gurnani.

Injin markaɗen maƙwabciyarmu ne, Inna Jummai.

Na jawo jaka na zazzage fom ɗin da na sa wa hannu jiya, na ɗora na Kubura kusa da jadawalin lakca. Talata takwas, Talata takwas. 'Yan sashen lantarki suna yin lissafin nan ranar Alhamis, layi ɗaya kawai za a sauya. Yau ake rufe rajista, ƙarfe goma sha biyu.

Matata tana cewa ga koko, na fita ina ɓalla maɓallin riga. A ƙofar gida na dubi ƙasa. Tawa inuwar tana nan, tana biye da ni kurkusa kamar ba ta yarda da ni ba.