Muryar Wilf

Ada Pickersgill ta yar da tsintsiyarta a tsakanin kujerun silima, ta tare manaja, Mista Threlfall, a bakin ƙofa.

"Yallaɓai, a taimaka a kunna sautin."

"A kunna wa wa? Kujeru?"

Haka ake yi a Bradford, garin masaƙu a Ingila. Doka ta tilasta wa gidajen silima nuna finafinan gida, su kuwa sai su haska su da safe, fitilu a kunne, sauti a kashe, ba mai kallo sai masu shara. Na Amurka ake ajiye wa masu tikiti. Tsabar rainin wayo ne, amma wa ya damu? Finafinan ɓarayi da 'yan sanda ne da ake haɗawa a gurguje, in an buga ƙofa har bangon kwali sai ya yi rawa.

Sai dai wanda ake haskawa yau da ɗanta Wilf a ciki. Wilf ya tafi Landan neman aikin wasan kwaikwayo, ya fito a fim ɗaya tak, ciwon huhu ya ɗauke shi kafin fim ɗin ya iso garinsu. Gobe kuma za a mayar da fim ɗin.

"Wancan mai riƙe da bindigar ɗana ne," in ji Ada, ranta a ɓace. "Na tsufa ina kwashe muku guntayen taba a nan. Muryarsa kawai nake so in ji."

Threlfall ya yi tsaki, ya ɗaga wa mai majigi hannu.

Sauti ya ɓarke da ƙara. Wilf ya juyo, ya buɗe baki, sai ga wata murya mai laushi irin ta 'ya'yan manya tana gargaɗin sufeto.

Ada ta daskare. "Wannan ba shi ba ne."

"To da fa?" Threlfall ya ɗaga kafaɗa. "Wa zai zauna jin maganar 'yan masaƙa? Wani suke tsayarwa a gefe ya yi maganar, naki ya riƙa motsa baki."

Ashe tun yana da rai suka ƙwace masa muryarsa.

"A kashe," ta ce.

Ta zauna a kujerar gaba, wadda ba ta taɓa zama a kanta ba, ta zuba wa leɓɓan ɗanta ido.