Farar Rigar Ja'afaru

Shekara tara Hanifa ta yi tana aikin jinya a wani ɗan asibitin kuɗi da ke bayan Titin Koudoukou kafin a kawo musu Ja'afaru. Ko lokacin rikici, da aka rufe unguwar Kilomita Biyar, ba shiga ba fita, ita ce mai buɗe ƙofar wurin, ta yi wa mutane ɗinki da allura da abin da ya samu. Mai asibitin, Alhaji Alhasan, ya kwashe iyalinsa ya koma Duwala. Da ƙura ta lafa sai zaman can ya yi masa daɗi, ya aiko ƙanen matarsa ya riƙe masa wurin.

Ja'afaru ko ƙofar makarantar likita bai taɓa leƙawa ba. Abin da aka sani game da shi kawai, ya taɓa sayar da wayoyi ya karye. Amma satin da ya kama aiki ya sa aka ɗinka masa farar riga, ya rataya abin sauraren ƙirji a wuya, ya ce daga yau kowa ya kira shi Darakta. Hanifa ta dube shi sama da ƙasa, ga takalmi mai tsini, ga tumbi, ga turaren da ya danne warin magani, ta ce a ranta, ashe babu ilimin da ya kai yayarka ta auri mai kuɗi.

Ya san mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyu. A wata na biyu ya fara kiranta ofis ba gaira ba dalili. Wata rana da hantsi ya tura ƙofa da ƙafa, ya zagayo ya tsaya kusa da ita.

"Hanifa, mace kamarki ba ta dace da wanke ciwo ba," in ji shi. "Akwai kwas na wata uku a Yawunde, mutum ɗaya za a tura. Sunan da na rubuta shi zai tafi." Yana faɗa yana kama tsintsiyar hannunta.

Ba ta fizge ba. Kallon hannun ta yi, sannan ta kalle shi. "Darakta, yanzun nan na gama wanke ƙafar wani mai ciwon suga, ban kai ga sabulu ba tukuna."

Ya sake ta kamar ya taɓa garwashi, ya shiga goge yatsunsa a jikin rigar.

Daga ranar ta zama abin haushinsa. Ya cire ta daga ɗakin allura ya mayar da ita baya, wurin wanke kayan aiki da goge ƙasa. Kwas ɗin kuma ya ba wa Jannat, yarinyar da ke rubuta sunayen marasa lafiya a bakin ƙofa, wadda ko jijiya ba ta taɓa nema ba. Jannat ta zo a makare a yi mata murmushi, Hanifa ta makara da minti biyar a karanta sunanta a taron safe, cikin Faransancin da ɗan firamare zai gyara. Kanta ya fara sarawa tun da asuba. Da ta auna kanta a ɓoye ta tarar jininta ya hau, ita da ba ta taɓa sanin wannan ciwo ba. Mahaifiyarta, Iyatu, kullum magana ɗaya: "Ki yi haƙuri, 'yar nan, wurin cin abincinki ne."

Da farko Hanifa ta haɗa Ja'afaru da Jannat ta raina. Sai wata rana ta tarar da Jannat a bayan gini tana wanke fuska a famfo, idanunta jajir. Yarinyar ta buɗe baki da Hausa ta kasa, ta juya harshe zuwa Sango, yaren gari, don shi ya fi mata sauƙi.

"Yaya, wallahi ban roƙe shi ba. Yanzu kullum sai ya ce in je in yi godiya, kuma kin san irin godiyar da yake nufi."

Hanifa ta miƙa mata gefen mayafinta. "Idan ya kira ki, ki bar ƙofa a buɗe. Matsoraci ne, ba ya son ido."

Ranar wata Alhamis da azahar, likitan da ke zuwa sau uku a mako bai iso ba, aka shigo da wata mata 'yar unguwar Yakité ranga-ranga. Ɗan babur ya kaɗe ta, gwangwani ya tsaga mata cinya, zaninta ya yage. Mutanen da suka ɗauko ta suka hango farar riga, suka yi kan Ja'afaru suna jan hannunsa, suna likita likita. Ya ga jinin na bin siminti ya nufo takalminsa. Sai ya zame ya zauna dirshan a ƙasa.

Hanifa ta fito daga baya da kumfa a hannu. Ta ɗauraye, ta danne ciwon, ta ce wa Jannat ta kawo zare da allura. Maza sun cika wurin, matar tana ta ƙoƙarin rufe jikinta da yagaggen zani.

"Darakta, tuɓe rigar nan ka ba ni in rufe baiwar Allah," in ji Hanifa, ko waiwaye ba ta yi ba. "Yau dai ta yi amfani."

Ya tuɓe ya miƙa. Kafin la'asar labarin ya zaga Koudoukou, har 'yan canji suna kwaikwayon zamansa.

Washegari ta tarar da takardar gargaɗi: ta bar wurin aikinta ba izini, ta ci mutuncin shugabanci. Ta karanta tsaf, ta ga kurakuran rubutu huɗu, ta ninke. Da ta koma gida ta kira Alhaji Alhasan ta faɗa masa komai, har da kama hannu, har da halin da Jannat ke ciki. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce:

"Hanifa 'yata, duk na yarda da ke. Amma in na kore shi, gidana ba zai zaunu ba. Ki ƙara haƙuri."

"To Baba Alhaji, Allah ya zaunar da gidanka lafiya. Ni dai na tashi."

Ta yi sati uku a gida, Iyatu na ta faɗa, kafin wata likita da ke da asibiti a unguwar Kokoro ta aiko a kira ta. Jannat ba ta je Yawunde ba. Ta bar aikin bayan wata biyu, Hanifa ta nema mata wuri kusa da ita. Masu hawan jini da masu ciwon suga da suka saba da hannun Hanifa kuwa, ɗaya bayan ɗaya suka riƙa hawa babur suna binta.

Ana cikin damina Ja'afaru ya bayyana a Kokoro, Alhaji ya turo shi ya ba Hanifa baki ta koma. Jannat ce a bakin ƙofa. Ta nuna masa benci ta ce ya bi layi. Ya fi awa yana zaune tsakanin wata tsohuwa mai tari da wata mai goyo kafin a kira shi.

"Me ke damunka?" in ji Hanifa, tana rubutu.

"Ba rashin lafiya ya kawo ni ba, Malama Hanifa. Magana ce tsakaninmu."

"Nan wurin marasa lafiya ne." Ta ɗaga murya kaɗan ta kira Jannat. "Shigo da mai tarin nan, ta daɗe tana jira."