Manhaja Mai Hoton Rana

Shekara da shekaru wani tela yana ajiye almakashi ya tafi bakin shingen filin jirgi ya saki baki yana kallon sama, matarsa kuwa tana yi masa tsiya. Kyaftin take kiransa, shi da ko matakalar jirgi bai taɓa takawa ba. In ya fara bayani, wai jirgi iska yake fuskanta in zai sauka, sai ta ce, “To Kyaftin, a sauko a ci abinci.”

Yanzu babu bayani. Shanyewar ɓarin jiki ta tafi da bakinsa, wayarsa kuma ta fashe ranar da ya faɗi. Ana cikin haka autarsu ta karanto labari: ƙaton jirgin kayan nan da hotonsa ke manne saman keken ɗinki zai sauka a garin, zuwan farko kuma na ƙarshe kafin a jingine shi. Tela ya ɗaga hannunsa mai lafiya yana nuna hoton. Nan take matar ta rantse sai ya gan shi.

Filin baki biyu gare shi, gabas da yamma, iska ce ke zaɓar inda jirgi zai ɓullo. Auta ta nemo manhajar yanayi guda biyu a wayar uwar.

“Mama, wannan ce irin ta Baba, daga filin take ɗauko iska.”

Matar ta leƙa, lambobi da haruffa cunkus kamar tururuwa. “Wa zai karanta wannan? Sa mini mai hoton ranar nan.”

Mai hoton rana ta ce iska daga yamma. Matar ta lissafa: ke nan ta gabas zai shigo. Har daɗi ta ji, ashe dai wani abu ya zauna mata a kai. Abin da ba ta sani ba, hasashen safe ne na cikin gari.

Da la'asar suka tura shi a keken guragu zuwa bakin gabas. Ba kowa a wurin.

“Ka ga mun riga abokanka,” in ji ta.

Tela ya kama gefen mayafinta da iska ke kaɗawa, ya ja, ya yi gurnani. Ta gyara masa bargo. Ya sake ja, idonsa ya kawo ruwa.

“Haƙuri Kyaftin, yanzu zai zo.”

Ya zo ɗin. Can nesa suka ji ruri, da ihun mutane a bakin yamma, sai ƙarshen jela da ya gifta bayan rumbunan kaya. Sannan ne ta dubi mayafin, ta ga inda yake kaɗawa. Iska ta juya tun azahar, kuma mutumin nan tun ɗazu abin da yake gaya mata ke nan. Ta durƙusa gaban keken, kuka ya ƙwace mata. Shi ne ma ya ɗora hannu a kanta yana lallashi.

Washegari ta sa auta ta saka mata mai tururuwar. Ta zauna ta koya, da gilashi a hanci, har ta iya. Kullum da safe takan zauna bakin gadonsa ta karanta masa iskar filin, ta ce, “Yau ta yamma za su shigo. In kai ka?”

Yakan dubi hoton saman keken ɗinki, ya girgiza kai.