Maɓallin Alhaji Audu

A shekarar da wahalar mai ta kai wa mutanen Kaduna iya wuya, duk wanda ya shigo garejin Iliya a Unguwar Dosa magana ɗaya ce a bakinsa: a rage wa motarsa shan mai. Masu tasi, malaman makaranta, har da wani fasto mai tsohuwar Bitil. Iliya sai ya ɗaga bonet, ya kara kunne, ya murɗa ɗan sukurun kafireto har injin ya koma numfashi sama-sama, mai mota ya tafi yana sa albarka. Ya gaji da wannan aiki. Ya gaji da zafin bazara, ya gaji da warin fetur ɗin 'yan bumburutu da ake surka wa kananzir. Idanunsa ma sun fara ja da baya, sai ya ɗora tabarau yake bambance jar waya da ruwan ƙasa.

Mutum ɗaya ne zuwansa ke sanyaya masa rai, Alhaji Audu mai atamfa a Babbar Kasuwa. Tun Iliya na gyara a gindin dalbejiya, babu ko rumfa, Alhaji ke kawo masa mota. Kuma bai taɓa shiga garejin ya zauna ba. Daga bakin titi zai wurgo makulli, ya ce, "Injiniya, ka fi ni sanin ciwonta," ya tare tasi ya wuce kasuwa. A garin da mai mota ke tsayawa a kan bakanike yana ƙirga ƙusoshi da ido don kada a musanya masa sabon kaya da tsoho, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Iliya dattijo ne a cocinsu, ana girmama shi, amma in za a tona zuciyarsa, wannan makulli da ake wurgo masa ya fi komai yi masa daɗi.

Motar Alhaji ta yanzu baƙa ce, 'yar Kwatano, mai turbo, wato fankar nan da hayaƙin salansa ke juyawa tana cusa wa injin iska. Ba don gayu ya saye ta ba. Matarsa Hajiya A'isha ce ciwon ƙoda ya sa a gaba, ana yawan kai ta asibiti Zariya, tsohuwar Fijonsa kuwa babu na'urar sanyi, kafin su kai Jaji ta galabaita. Wannan tana da sanyi. Sai dai Baturen da ya riƙe ta a can Turai ya cire turbonta ya sa wanda ya fi girma, ita kuwa ƙwaƙwalwar motar, ɗan akwatin da ke auna man da za a ba injin, tana nan kan tsohon awonta. Iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan. Da zarar an taka za a wuce tirela, sai injin ya kama ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani.

Wata ranar Talata Alhaji ya zo da ɗan kwali a hannu. Ƙaninsa Tijjani ne ya aiko daga Jamus. A ciki akwai wani baƙin akwati wanda bai wuce tafin hannu ba, da wayoyi a gindinsa, da maɓalli guda na murɗawa irin na rediyo.

"Tijjani ya ce in an haɗa wannan, shi zai riƙa ƙara mata mai in turbo ya tashi," in ji Alhaji.

"Haka ne, Alhaji."

"To, abin da ke ƙarawa ai yana ragewa."

Iliya ya cire tabarau ya murza ido. Ya san za a zo nan. Alhaji Audu mutumin kirki ne, ba ya ƙyashin ciyar da baƙo, amma a kan fetur ba shi da dama. Shi ne mai kashe inji a kan gangara ya bar mota ta sulala. Shi ne wanda in an saita masa kafireton Fijo, yana kaiwa gida zai ɗauko sukundireba ya ƙara ɗaurewa, washegari ya dawo yana cewa mota na shaƙewa, bai san dalili ba.

"Alhaji, wannan ba Fijo ba ce. Fijo in ka hana ta mai, mutuwa take yi a silo, tun tana tsaye, ka sake tayarwa. Wannan in ka hana ta mai turbo na hurawa, ba za ta gaya maka ba. Gudu za ta ci gaba da yi, wuta na cin ta a ciki, har fistin ya narke. A tsakiyar hanya za ta ajiye ku."

"Allah ya kiyaye," in ji Alhaji, ya wurgo makulli ya tafi.

Aikin ya ci wa Iliya wuni. Takardar da ta zo da akwatin da Jamusanci take, zanen kawai ya bi. Ya kwanta rigingine a ƙasan sitiyari, ƙafafu a waje, gumi na shiga masa ido, yana laluben wayar da ke kawo labarin iska daga ma'auninta zuwa ƙwaƙwalwa. Wayoyi biyu ne masu launi ɗaya. Ya yanke ta farko, motar ta ƙi tashi, ya zagi kansa a hankali, ya mayar ya liƙe da dalma. Ta biyun ce. Ya raba ta, ya sa akwatin a tsakani, ya jawo wuta, ya ɗaure wayar ƙasa a jikin bodi, ya naɗe komai da salatif. Da ya miƙe sai da ya dafa ƙofa, bayansa ya riƙe.

Sai gwaji, shi kuwa gwaji mai yake ci. Da yamma Alhaji ya zo da jarka, yana zuba man a tanki yana kallon kowane ɗigo. Suka hau hanyar Mando. Iliya zai taka, ya saurara, ya tsaya a gefen titi, ya kwance fulogi ya duba bakinsa. Fari fat, alamar yunwar mai. Ya murɗa maɓallin zuwa dama kaɗan, su sake. Kunnen da ya dogara da shi duk rayuwarsa bai ishe shi a nan ba, don a tsaye motar lafiya lau take, sai a guje take nuna halinta. A hankali ƙarar tsakuwar ta ɗauke, bakin fulogi ya koma launin shayi mai madara, motar ta miƙe sumul.

Alhaji ba injin yake saurare ba. Allurar mai yake kallo.

"Injiniya, ta sauka fa."

"Dole ta sauka. Abin da take bukata ke nan. Nan za a bar shi, Alhaji, don Allah kada a taɓa."

"Haba! Ni da nake ɗaukar marar lafiya? Wallahi ba zan taɓa ba."

Yana rantsuwar, akwatin na kan cinyarsa, don ba a riga an kafe shi ba. Iliya ya saci kallo, sai ya ga babban yatsan Alhaji a kan maɓallin, yana shafa shi, yana ɗan tura shi hagu, shi kansa bai san yana yi ba. Iliya ya hango mutumin nan ya kwana biyu a layin gidan mai ya samo rabin tanki, ya hango shi a kan hanyar Zariya allura na sauka, Hajiya a kwance a baya. Rantsuwa ba za ta riƙe wannan yatsa ba.

"A bar mini ita zuwa gobe in kafe shi da kyau," in ji Iliya.

Da safe ya cire ɗan akwatin ajiyar takardu na gaban mota, ya tura baƙin akwatin can ciki inda hannu ba ya kaiwa, ya ɗaure shi tam. Sannan ya ɗauko tsohuwar rediyonsa da ta daɗe da mutuwa, ya kwance maɓallin ƙara murya. Ya huda dashbod kusa da sitiyari ya kafe shi, ya ja 'yar waya daga bayansa ya ɗaure a wata ƙusa da ba ta zuwa ko'ina. Aikin ya yi kyau ƙwarai, kuma kyansa ne ya fi ɓata masa rai.

Matarsa Saratu ta kawo masa abincin rana ta tarar bai da walwala. Ya gaya mata. Ta ajiye kwano ta dube shi.

"Baban Kefas, ka gaya masa gaskiya mana. Ka ce ka ɓoye don kada ya taɓa."

"In na gaya masa, yana fita zai sami wani a Rigasa ya tono masa shi."

"To ka zaɓa. Amma kada ka zo kana juye-juye ka hana ni barci."

Da Alhaji ya zo ɗaukar mota, Iliya ya nuna masa da baki kawai. "Ga shi nan." Bai ce na mene ne ba, kuma ya san wannan wayon ba zai wanke shi ba. Alhaji ya shafa maɓallin, ya yi murmushi.

"Kai kaɗai ne a Kaduna nake bar wa mota in juya baya. Allah ya saka."

Iliya ya ce amin da muryar da shi ma da kyar ya ji.

Makonni suka wuce. Layin mai ya ƙara tsawo, ruwan farko ya sauka, masu tasi suka ci gaba da zuwa a shaƙe musu kafireto. Duk baƙar motar da ta rage gudu a bakin gareji sai Iliya ya ajiye aiki ya leƙa. Sau ɗaya Alhaji ya wuce ya ɗaga masa hannu yana dariya, ya ce abin nan na Tijjani akwai albarka, ya ɗan rage shi kaɗan kuma ko gezau. Iliya ya yi yaƙe. Ran Lahadi aka ba shi addu'ar rufewa a coci, ya tsaya yana neman kalma kamar baƙo.

Wata safiya motar ta shigo har cikin gareji, abin da ba ta taɓa yi da Alhaji a ciki ba. Ya kashe ta, ya fito a hankali. Idanunsa sun yi ja, rigarsa ta jiya ce. Ya buɗe tafin hannu. Maɓallin rediyo ne, da guntuwar wayarsa, da ƙusar a maƙale.

"Jiya muka dawo daga Zariya," in ji shi. "Babu mai a Zariya, babu a hanya. Muna wuce Jaji allura ta kwanta. Hajiya na ta amai a baya. Na murɗa. Na ƙara murɗawa. Na kai shi ƙarshe ban daina ba, har ya tsinke ya biyo hannuna. Mota kuwa ko tari ba ta yi ba."

Iliya ya kama tsumma yana goge hannun da babu komai a jikinsa.

"Daga nan har Kawo ina tafasa. Na ce Iliya ne ya mayar da ni yaro, ya ba ni abin wasa. Da muka shigo gari, mai ya kai mu har ƙofar gida da kyar, na taimaka wa Hajiya ta sauka, sai na zauna a mota na tuna maganarka ta fistin. Da na gasken ka bar mini, da a daji muka kwana, ni da ita."

"Alhaji, ka yafe ni. Na rasa yadda zan yi ne."

"Ina na gasken yake?"

Iliya ya juya zai nuna masa. Alhaji ya ɗaga hannu.

"A'a. Kada ka gaya mini. Na san halina." Ya miƙo maɓallin. "Mayar mini da wannan inda yake. Hannuna ya saba, in babu shi zan je neman ɗayan."

Iliya har ya kusa dariya. Ya karɓi maɓallin, ya ɗora tabarau, ya buɗe ƙofar direba. Sannan ya ɗan juyo, hannunsa a buɗe yadda ya saba, yana jiran makulli.

Makullin na hannun Alhaji. Ya dube shi, ya jujjuya shi, ya zura a aljihu. Wata tasi ta rage gudu a bakin titi ta yi masa hon, ya girgiza mata kai. Ya jawo bencin da masu mota ke zama, ya kaɗe ƙurar da gefen rigarsa, ya matso da shi dab da ƙofar motar, inda zai ga hannun bakanike sosai.

"Yi aikinka, Injiniya," in ji shi, ba tare da fushi ba. "Yau ba na sauri."

Iliya ya durƙusa ya shiga ƙasan sitiyari. Aikin bai fi ɗaure ƙusa ɗaya ba, amma yatsunsa suka yi ta kuskure ramin, yana jin idon Alhaji a bayan wuyansa har ya gama.